Ƙidayar bishiyoyin unguwa a Legas: wace hanya ce ta dace da buƙatarku?

Ƙungiyar ci gaban unguwa, ko kwamitin kasuwa, ko matasan masallaci da suka yanke shawarar sanin bishiyoyin da ke bakin titunansu a Legas sukan sami kansu tsakanin shawarwari masu karo da juna. Wani ya ce a sayi littafi da tef a bi titi da ƙafa, wani ya ce wayar hannu ta wadatar, ɗalibin da ya karanta ilimin taswira ya ce hoton tauraron ɗan'adam zai gama aikin cikin yini guda, mai hali kuma ya kawo maganar jirgi maras matuƙi. Dukkan waɗannan hanyoyi ana aiki da su a biranen duniya, sai dai kowace da tambayar da take amsawa, kuma asarar kuɗi da lokaci takan faro ne daga ɗaukar hanyar da ke amsa tambayar da ba ita ce ta dami jama'a ba.

A jihar Legas, hukumar LASPARK, wadda dokar shekarar 2011 ta kafa, ita ke kula da wuraren shaƙatawa da bishiyoyin gwamnati, kuma doka ta hana sare bishiya ba tare da izininta ba. Tun 2008, zamanin Gwamna Babatunde Fashola, jihar ta ware 14 ga Yuli a matsayin ranar dashen bishiya. Dashe yana da ranarsa da bikinsa, amma ƙidaya ce kaɗai ke nuna ko abin da aka dasa ya kama, ko awaki da masu haƙa kwata sun gama da shi. Ga mazauna Agege, Idi-Araba, Obalende da Mile 12, inda mai shayi da mai gyaran takalmi da mai yankan farce ke neman abincinsu a ƙarƙashin inuwa, wannan magana ce ta sana'a da ta lafiyar jiki, kuma ta tsaron rai ce idan iskar farkon damina ta taso.

Ma'aunan da za a duba kafin zaɓi

Ma'auni na farko, wanda ya rinjayi sauran, shi ne shawarar da za a yanke da sakamakon. Idan ana son sanin wace bishiya ce za ta iya faɗawa kan rumfa ko wayar lantarki, dole ne a sami bayanin kowace bishiya ɗaya bayan ɗaya, da wurinta da halin da take ciki. Idan kuwa ana son nuna wa ƙaramar hukuma cewa unguwa kaza ta fi maƙwabciyarta ƙarancin inuwa, ƙiyasi mai kyau ya isa, ba sai an taɓa gindin ko da bishiya ɗaya ba.

Na biyu kuɗi, kuma a lissafa har da na bayan aiki: abinci da kuɗin mota na masu ƙidaya, data, caji, da ladan wanda zai zauna ya tsara bayanan. Na uku ƙarko, wato tsawon lokacin da sakamakon zai ci gaba da zama gaskiya da kuma sauƙin sabunta shi. Wannan yana da nauyi a Legas fiye da garuruwa da yawa, domin gari ne da ba ya daina gini. Gadar Pen Cinema da aka buɗe a 2021 da layin jirgin ƙasa na Red Line da aka ƙaddamar a 2024 sun sauya fasalin tsakiyar Agege, har taswirar da aka zana kafin su ba ta nuna wurin yadda yake yau. Na huɗu sauƙin koyo, na biyar kuma haɗari, wanda ya haɗa da haɗarin titi, da saɓa wa doka, da rashin fahimta tsakanin masu ƙidaya da mutanen unguwa.

Bin titi da littafi da tef

Wannan ita ce tsohuwar hanya, kuma har yau ita ce mafi arha. Mutum biyu ko uku suna bin titi daga farko zuwa ƙarshe, gefe ɗaya sannan ɗayan, suna ba kowace bishiya lamba, suna rubuta irinta, da lambar gida ko shagon da take gabansa, da kaurinta, da lafiyarta. Ana auna kauri a tsayin mita 1.3 daga ƙasa, a zagaya tef a jikin bishiyar, sannan a raba abin da aka samu da 3.14. Bishiyar da kewayenta ya kai santimita 157 kaurinta santimita 50 ke nan. Tef ɗin tela yana wadatarwa ga ƙananan bishiyoyi, manya kuma sai an nemi dogon tef irin na magina. Muhimmancin tsayawa kan wannan tsayi ɗaya shi ne, idan aka dawo bayan shekara biyar aka auna a wuri guda, za a san ko bishiyar tana girma ko ta tsaya.

Ƙarfin wannan hanya yana cikin abin da ido ke gani daga kusa. Mai bin titi zai ga kogo a gindi, da hanyar gara a jikin ɓawo, da kauci da ya cinye rassa, da saiwar da aka datse lokacin gina kwata, da simintin da aka zuba har ya shaƙe gindin, da reshen da ke gogar wayar lantarki. Waɗannan su ne alamomin da ke gaban faɗuwar bishiya, kuma babu hoton sama da ke nuna su. Rauninta kuma yana bayyana ne bayan an dawo gida. Littafi yana jiƙewa, yana ɓata, rubutun wani ba ya karantuwa, kuma kwatance irin na «gaban shagon mai lemo» yana mutuwa ranar da mai lemon ya tashi. Idan ba a sami wanda zai kwafe bayanan cikin kwamfuta a makon da aka tattara su ba, yawanci a nan aikin ke tsayawa. A ganina littafi ya dace ne da wuri mai iyaka wanda kowa ya san lungunansa, kamar harabar makaranta, filin idi, maƙabarta ko titi guda.

Bin titi da wayar hannu

Aikin ƙafar ɗaya ne da na littafi, awon ma ɗaya ne, bambancin yana wurin ajiyar bayani. Ana tsara fom a manhaja irin KoboToolbox ko ODK, waɗanda ake iya amfani da su kyauta a ƙaramin aiki, kuma suna karɓar bayani ko babu intanet, sai an sami sabis su tura. Ana iya rubuta tambayoyin da Hausa da Yarabanci. Kowace bishiya tana shiga da hotonta da wurinta a taswira, sunan iri kuma ana zaɓarsa ne daga jerin da aka riga aka shirya, ta yadda ba za a sami wani ya rubuta darbejiya, wani dogon yaro, wani bedi, a ƙirga su iri uku ba. Daga nan ana iya zuba bayanan a QGIS, manhajar taswira ta kyauta, a ga unguwar gaba ɗaya da ɗigon kowace bishiya.

Babbar shaidar cewa talakawan gari za su iya wannan aiki ta fito ne daga birnin New York na Amurka, wanda ke ƙidayar bishiyoyin titunansa duk shekara goma tun 1995. A ƙidayar da aka fara a 2015, 'yan sa-kai fiye da 2,000 sun yi aiki tare da ma'aikata, aka sanya bishiyoyi 666,134 a taswira. Abin lura a nan shi ne an horar da su tukuna, an kuma taƙaita abin da za su rubuta. Fom mai tambaya arba'in yana gajiyar da mai ƙidaya tun kafin azahar, daga nan sai ya fara cika shi da ka. Tambayoyi takwas zuwa goma sun isa: lamba, iri, kauri, lafiya a mataki uku ko huɗu, abin da ke ƙarƙashinta, kusancinta da waya ko gini, aikin da take buƙata, da hoto. Yana da kyau a ƙara gurbin rubuta kututturen da aka sare da ramin da babu komai a cikinsa, domin su ne wuraren dashen baɗi.

Akwai matsaloli uku da ya kamata a sani tun farko. Na'urar nuna wuri ta waya takan kauce da kimanin mita 5 ko a fili, ta fi haka kaucewa a ƙarƙashin rassa masu duhu ko tsakanin dogayen benaye irin na Tsibirin Legas, don haka bishiyoyin da ke jere kusa da juna za su iya musanya wuri a taswira idan ba a ba kowace lamba a jikinta ba. Ta biyu batir, wanda hoto da neman wuri ke cinyewa da sauri. Ta uku gane iri. Ɗan Arewa zai gane darbejiya, mangwaro, maɗaci, ceɗiya da malaina daga nesa, amma titunan Legas cike suke da bishiyoyin ado da aka shigo da su da kuma na kurmi waɗanda bai taso da su ba. Manhajar Pl@ntNet tana taimakawa daga hoton ganye ko fure, amma tana kuskure, saboda haka a bar gurbin «ba a gane ba» a fom, a tara hotunan a kai wa masana tsirrai na Jami'ar Legas da ke Akoka ko Cibiyar Binciken Gandun Daji da ke Ibadan.

Game da lokaci, ga lissafin misali da kowa zai iya gyarawa da nasa adadin. A ɗauka tawaga ɗaya tana gama bishiya cikin minti 6, tana aiki awa 5 a yini, wato bishiya 50. Unguwa mai bishiya 2,000 za ta ci yini 40 a hannun tawaga ɗaya, ko yini 10 a hannun tawaga huɗu. Daga wannan ne za a fitar da kuɗin abinci da na mota, waɗanda su ne mafi yawan abin da za a kashe.

Haɗarin bin titi, da littafi ko da waya, ɗaya ne, kuma a Legas ya fi ƙarfi ta fuskar mutane. Baƙon da ke ɗaukar hoto yana auna abu a bakin titi, abin da zai fara zuwa zuciyar mai rumfa shi ne rusau ko sabon haraji. Saboda haka a fara kai gaisuwa da bayani ga Baale, wato mai unguwa na Yarabawa, da Sarkin Hausawan yankin da shugabannin ƙungiyar ci gaban unguwa, a nemi takarda daga ƙaramar hukuma, a sanar da LASPARK, a kuma tabbata kowace tawaga tana da mai jin Yarabanci da ɗan unguwar da aka sani. Kada a kuskura a sa lamba da jan fenti, domin jan fenti a jikin abu a garin nan alamar rushewa ce a idon kowa. Fari ko rawaya ya fi, ko da yake fenti yana dushewa da ruwan sama, farantin alminiyum kuma ya fi daɗewa amma yakan bi hannun masu tsintar ƙarfe. Rigar da ke ƙyalli wajibi ce a manyan tituna saboda motocin haya na danfo da babura.

Ƙidayar samfur

Idan yankin ya kai girman ƙaramar hukuma guda, ko jihar baki ɗaya mai ƙananan hukumomi 20 da yankunan raya ƙasa 37, bin kowace bishiya ya fi ƙarfin ƙungiyar sa-kai. A nan ne samfur ke shigowa. Kwamfuta tana jefa wurare a kan taswira ba tare da zaɓin mutum ba, a je kowane wuri a zana da'ira mai faɗin hekta 0.04, wato mita 11.3 daga tsakiya zuwa baki, a auna duk bishiyar da ke ciki, sannan a yi lissafin da zai ba da ƙiyasin yankin duka. Manhajar i-Tree Eco, wadda hukumar gandun daji ta Amurka ta fitar a 2006 kuma ake samunta kyauta, an gina ta a kan wannan tsari, kuma jagorarta ta nuna cewa da'ira 200 kan ba da ƙiyasin birni da kuskuren da ke kusa da kashi 10 cikin 100.

Wannan hanya tana faɗin adadin bishiyoyi a ƙiyasce, da irin da ya fi yawa, da rabon manya da ƙanana. Da ita ake gwada ƙa'idar da masana suka daɗe suna bi tun 1990, cewa kada iri ɗaya ya wuce kashi 10 cikin 100 na bishiyoyin gari, don kada cuta guda ta share inuwar gari a lokaci ɗaya. Amma ba za ta gaya wa kowa halin da mangwaron ƙofar masallacinsu yake ciki ba. Tana kuma buƙatar mai ilimin lissafin ƙididdiga, sannan da'irar da kwamfuta ta jefa takan faɗa cikin gidan mutum, ko barikin soja, ko fadama, kuma idan aka riƙa musanya wurare masu wuya da masu sauƙi, ƙiyasin ya lalace ba tare da an sani ba.

Hotunan sama

Nan akwai abu biyu da ake yawan haɗawa. Tauraron Sentinel-2 na Tarayyar Turai yana ba da hoto kyauta duk bayan kwana biyar, amma kowane ɗigo a hoton yana wakiltar fili mai mita 10 tsawo da mita 10 faɗi. Zai nuna kurmin Cibiyar Kare Muhalli ta Lekki mai hekta 78 sarai, zai nuna raguwar ciyayi a gefen Ikorodu ko Epe daga shekara zuwa shekara, amma bishiya guda da ke tsakanin rufin kwano biyu a Mushin takan ɓace a cikinsa. Ga gajimare kuma, wanda ke rufe Legas yawancin damina, da hazon hunturu da ke dusashe hoton.

Na biyu shi ne hoto mai kaifi irin na Google Earth. Manhajar i-Tree Canopy tana jefa ɗigo a kan irin wannan hoto, mutum yana duba kowane ɗigo yana cewa bishiya ce, ko rufi, ko titi, ko ruwa. Da ɗigo 500 zuwa 1,000 ana samun kason filin da inuwa ta rufe, kuma mutum ɗaya mai kwamfuta da intanet zai iya gama unguwa cikin yini ɗaya ko biyu. Babu hanyar da ta kai ta arha da rashin haɗari wajen kwatanta Ikoyi da Agege, alal misali. Sai dai a duba ranar da aka ɗauki hoton, domin yana iya zama na shekarun baya, kuma a tuna cewa daga sama ba a bambanta bishiyar gwamnati da ta cikin gida, ko ayaba da ƙaramar bishiya, balle a ga ruɓa.

Jirgi maras matuƙi

Yana ba da hoto na ranar da ake so, mai kaifin da za a ƙirga kan kowace bishiya, kuma idan yana ɗauke da na'urar awo da hasken leza zai ba da tsayi da faɗin rassa. Shi ne mafi tsada nesa ba kusa ba, domin ana biyan jirgi da mai juya shi daga ƙasa da mai sarrafa hotunan. Doka ta buƙaci izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, da amincewar ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kuma Agege, Ikeja, Oshodi da Mafoluku suna maƙwabtaka da filin jirgin sama na Murtala Muhammed, inda tashin irin wannan jirgi ba abin wasa ba ne. Bayan duk wannan kashe kuɗi, sai an sake tura mutum ya duba gindi. Ban ga dalilin da ƙungiyar unguwa za ta sa kuɗinta a nan ba.

| Hanya | Kuɗi | Ƙarko da sabuntawa | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Littafi da tef | Kaɗan ƙwarai | Rauni, sai an kwafe | Kowa zai iya | Ɓatan littafi, zargin jama'a |
| Waya da tef | Matsakaici | Mai kyau, ana gyara bishiya ɗaya ɗaya | Horon yini ɗaya ko biyu | Kaucewar wuri, ƙwacen waya |
| Samfur | Matsakaici zuwa mai yawa | Mai kyau idan an koma da'irorin farko | Sai da masani | Hana shiga, gurɓatar ƙiyasi |
| Hoton sama | Kusan kyauta | Ya danganta da ranar hoto | Mai sauƙi ga mai kwamfuta | Tsohon hoto, gajimare |
| Jirgi maras matuƙi | Mai yawa | Sabuntawa sai an sake biya | Sai ƙwararre | Saɓa wa doka |

Lokacin fita yana shafar duk hanyoyin ƙafa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi dacewa, don a gama a miƙa jerin bishiyoyi masu haɗari kafin iskar Maris da Afrilu. Amma a gargaɗi masu ƙidaya cewa malaina da wasu irinta suna zubar da ganye da rani, kada a rubuta su a matattu. A kankare ɓawon ƙaramin reshe da farce, idan cikinsa kore ne bishiyar tana da rai.

Wa ya kamata ya ɗauki wace

Kwamitin makaranta, masallaci ko maƙabarta mai bishiyoyin da ba su wuce ɗari ko ɗari biyu ba ya ɗauki littafi da tef, ya zana taswirar harabar da hannu, ya ajiye kwafi biyu a hannun mutum biyu.

Ƙungiyar unguwa ko ta kasuwa da damuwarta ita ce reshen da zai faɗo, ko neman izinin datse rassa, ko bin diddigin abin da aka dasa ranar 14 ga Yuli, ta ɗauki waya da tef. Wannan ce hanyar da nake ba mafi yawan masu karatu shawara a kanta, da sharaɗi guda wanda ya fi zaɓin manhaja nauyi: kafin a auna bishiyar farko, a naɗa mutumin da zai riƙe rajistar, a buɗe asusun da sunan ƙungiya maimakon sunan wani matashi da zai iya komawa gida ko ya sauya lamba, a kuma amince cewa duk sara da dashe da faɗuwa za a shigar da su cikin watan da suka faru. A sake zagaye cikakke duk shekara biyar, bishiyoyin da aka sa wa alamar haɗari kuma a duba su kowace shekara kafin damina.

Wanda ke shirya takardar koke ko neman tallafin dashe, kuma yana buƙatar adadi ɗaya mai ƙarfi cikin mako guda, ya yi amfani da i-Tree Canopy, ya rubuta ranar hoton a jikin takardar. Ɗalibin jami'a ko jami'in ƙaramar hukuma da ke son sanin yanayin bishiyoyin yanki gaba ɗaya ya tafi ga samfur, ya fara da hoton sama don raba yankin kashi-kashi gwargwadon cunkoson gini kafin a jefa da'irori. Jirgi maras matuƙi kuma a bar shi ga hukuma ko masu babban fili mai shinge a wajen Lekki, Epe ko Badagry, waɗanda ke da izini a hannu da ma'aikatan da za su bi bayan hoton da ƙafa.